Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano: A Kai Alli Gareji

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Injiniya Abba Kabir Yusuf,
Gidan Gwamnati, Kano.



 

Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin firamare ne. Shekara 35 na yi ina shaƙar ƙurar alli kafin na ajiye aiki. Yanzu ina da ɗan aji a zauren gidana, inda nake koya wa samarin unguwa karatu da lissafi bayan sallar Isha'i. Ɗalibaina ba sa zuwa da jakar makaranta. Da baƙin mai a ƙarƙashin farce suke zuwa, wani kuma idonsa ya yi jajir saboda hasken walda. Akwai kanikawa, akwai tela biyu, akwai mai gyaran waya. Su ne suka sa na ɗauki biro.

A watan Yunin 2024 ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, aka kuma ware masa kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin kuɗin jiha. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara sama da ɗari suna zaune a ƙasa, a ajin da iska ta yaye rufinsa, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Allah ya saka da alheri. Sai dai hankalin kowa ya tafi kan yaron da ke cikin aji da wanda ake lallashin iyayensa su kawo shi. Akwai na uku, wanda shekarun firamare suka riga suka wuce shi, ba zai ƙara dacewa da yunifom ba, kuma yanzu haka yana kwance a ƙarƙashin wata mota a Ƙofar Ruwa. Ƙoƙon bararsa na kawo.

Bari in ba ka labarin ɗaya daga cikinsu, zan sakaya sunansa. Yana da shekara 7 aka kawo shi birni almajiranci. Da ya kai 12 ya gaji da yawo da kwano, ya maƙale a wani gareji yana wanke notina da fetur. Yau shekarunsa 19. In ka tayar da mota a gabansa, zai karkata kai kamar mai sauraron raɗa, ya gaya maka inda take ciwo. Wata rana ogansa ya tafi ɗaurin aure, wani Alhaji ya kawo mota ƙirar zamani, tana karkarwa, wata fitila ta kama a gaban sitiyari. Yaron ya saurara, ya ce a ransa silinda ɗaya ce ba ta ƙona mai. Amma Alhaji ya ce shi sai an sa mata kwamfuta. Yaron ya ruga maƙwabta ya aro na'urar, ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari kamar yadda yake gani ana yi. Rubutu ya fito. Ya tsaya riƙe da ita kamar wanda aka miƙa wa sammaci.

"Me ta ce?" in ji Alhaji.

"Alhaji, sai dai a jira oga ya dawo."

Alhaji bai jira ba. Ya ja motarsa ya yi gaba.

A daren ne ya fara zuwa zaurena. Ya zauna a bakin ƙofa har kowa ya watse, sannan ya zaro yagaggiyar takardar buhun siminti daga aljihu. Ashe ya kwafi abin da ya gani, harafi bayan harafi, da irin nutsuwar wanda ya saba rubuta allo: P0301. Muka bincika tare. Ma'anarta, silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Abin da kunnensa ya gaya masa tun farko ke nan. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe ni da ita magana ɗaya muka yi. Ita aka yarda da ita don ta iya boko."

Ranka ya daɗe, kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. A da, kanike yana iya tsufa a sana'arsa bai san bihim ba, kuma ya gina gida ya je Makka. Motar yau da na'ura take magana. Mai haɗa sola sai ya lissafa nauyin wutar gida kafin ya san batir nawa zai sa. Hatta mai ƙosai ba ta tsira ba. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo kowa ya koma taransifa, wata maƙwabciyarmu mai suya ta sallami ƙosai da kunu na mutum shida a kan saƙon da aka nuna mata a waya, alhali alat ɗin bogi ne. Ta ga rubutu ta ji kunyar ta ce ba ta iya karantawa ba. Rashin karatu ya zama haraji, kuma talaka kaɗai ke biyan sa.

Ta ɗaya gefen kuma ga 'ya'yanmu da muka koyar, suka yi digiri, suka yi bautar ƙasa, kwalin yana ƙarƙashin katifa, su kuma suna jan Adaidaita Sahu ko suna zaman majalisa ana jiran a buɗe ɗaukar aiki. Sai ya zama muna da matasa iri biyu: mai kwali ba hannu, mai hannu ba kwali. A tsakaninsu aiki yake zubewa, wasu suna tsincewa. Kai injiniya ne, ka riƙe ma'aikatar ayyuka daga 2011 zuwa 2015, ba sai na gaya maka ba: mai kuɗi in ya tashi gina gida na gani na faɗa, sau da yawa 'yan Kwatano da Togo yake nema su sa masa tayil su yi masa ado a silin. In ka tambaye shi dalili, zai ce su layinsu yana miƙewa. Awo ne ya miƙar da shi, awo kuwa lissafi ne.

Abin da ciwo, domin hannu ne ya gina Kano. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. Marinar Ƙofar Mata ana danganta ta da shekarar 1498. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a nan ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Masaƙa da marina da majema da dukawa da maƙera, kowannensu makaranta ne, yaro yana tashi a gindin ubansa ko maigidansa har ya ƙware. Ko Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa, da ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, bai raba boko da sana'ar hannu ba, ya haɗa da sashen koyon sana'a. Daga baya ne muka ɗauka cewa wanda ya yi boko ya fi ƙarfin guduma, wanda ya riƙe guduma kuma ba ya bukatar boko. Da masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje, har Kantin Kwari ya cika da atamfar Sin, sai aka rasa inda za a zuba masu kwalin, masu hannun kuma aka bar su da dabarar jiya.

Tarihin jihar nan ya nuna abin da ke kamawa da abin da ba ya kamawa. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977 sun cika asibitocinmu da likitoci, domin an zaɓi malamai an kuma bibiyi aikin. Hukumar ilimin manya da gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa a 1980 ta shiga lungu da saƙo, har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Amma da tsarin 6-3-3-4 ya zo a farkon shekarun 1980, aka yi ta sauke injinan koyon fasaha a makarantun sakandare. Ni da idona na ga wasu a wata makaranta, shekaru bayan nan, cikin akwatunan da aka kawo su, gara ta ci katakon, tsatsa ta ci ƙarfen. Babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. Makarantun tsangaya na zamani 157 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, tun daga ta Gagi a Sakkwato a 2012, da yawansu ba su yi aikin da aka gina su dominsa ba. Darasin a fili yake: inda aka sa kuɗi a kan malami da bibiya, an ga amfani, inda aka tsaya a gini da yanka kirtani, ciyawa ta gaje wurin.

Haka batun tallafi. Ba yau aka fara ba, kuma ba a Kano kaɗai ake yi ba: a tara matasa a koya musu sana'a ta sati biyu, a raba keken ɗinki da injin markaɗe, a ɗauki hoto. Kafin wata ya zagayo an ga kekunan a kasuwa da rabin kuɗinsu. Ba na ganin laifin wanda ya sayar. An ba shi keke ba a ba shi ɗinki ba, ga yunwa a gida. Tela ba ya nuna a sati biyu, ko mangwaro ma sai ya ga rana.

Na san akwai kwalejojin fasaha, akwai cibiyar koyon sana'o'i ta kan titin Zariya da aka sa wa sunan Aliko Ɗangote, akwai cibiyoyin da ka farfaɗo da su. Duk suna da amfani. Amma ko an ninka su sau goma ba za su ɗauke matasan jihar da tun ƙidayar 2006 ta haura mutum miliyan 9 ba. Makarantar sana'a mafi girma a Kano tana nan a buɗe, ba gwamnati ce ta gina ta ba, ba ta kuma biyan malamanta ko sisi. Ita ce garejin Ƙofar Ruwa, da rumfar masu gyaran waya a Farm Centre, da shagon tela, da wurin kafinta, da injinan casar shinkafa na Kura. Ɗaliban suna ciki, malaman suna ciki, kayan aikin suna ciki. Abu uku ta rasa: karatu da lissafi, ƙa'ida, da takardar shaida. Su nake roƙon ka cike mata.

Na farko, a kai musu alli inda suke. Ginin firamare yana zaman banza daga La'asar har gari ya waye, ga masu takardar NCE birjik ba aikin yi. Jihar nan tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44. In aka buɗe aji ɗaya na mutum 30 a kowace mazaɓa, an ɗauki mutum 14,520 a tashi ɗaya, ba a aza bulo ko ɗaya ba. In aka yi biyu, na maza da na mata, an ninka. Abin da za a kashe shi ne alawus ɗin malami da fitilar sola da littafi. Sai dai a kula da abin da za a koyar. Ƙato mai gemu ba zai zauna yana rera baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya ba, kunya za ta kore shi a sati na biyu. Ni daga sifana nake farawa. Babu yaron garejin da bai san sifana mai lamba 10 da 12 da 14 da 17 ba. In na nuna masa cewa ya daɗe yana karanta lambobi bai sani ba, sai ka ga kafaɗarsa ta sauko. Daga nan mu shiga milimita, mu shiga rubuta rasit, mu shiga raba uwar kuɗi da riba. Tela kuma daga tef ɗin awonsa. A fara da Hausa, sannan a ɗora Turancin da sana'ar mutum ke bukata. Wanda ya yi allo kuwa ya fi kowa saurin kamawa, domin ya san zaman karatu, ya san harafi yana da murya, wani ma yana rubuta wasiƙa da ajami. Kuskure ne a lissafa shi cikin jahilai.

Na biyu, a yi wa koyon sana'a ƙa'ida. Gaskiya ɗaya ce, ba kowane oga ne uba ba. Akwai masu riƙe yaro shekara goma yana wanke-wanke da sayo abinci, ana ɓoye masa sirrin aiki don kada ya tashi ya zama kishiya. A zauna da ƙungiyoyin kanikawa da teloli da masu walda da kafintoci, a fito da 'yar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Hausa: shekara nawa yaro zai yi, me za a koya masa, yaushe za a sake shi ya je aji, yaushe za a yaye shi. Mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida. Maƙwabtanmu Inyamurai na Sabon Gari sun daɗe da irin wannan: yaro ya yi wa maigida hidima na shekarun da aka yanka, ranar sallama a ba shi jari ya buɗe nasa. Ogan da ya cika alkawari kuma ya ga sakayya. Gwamnati tana sayen kujerun makaranta, tana ɗinka yunifom, tana gyara motoci. A fara ba irin waɗannan ogannin aikin. Keken ɗinki da akwatin kayan aiki kuwa a ajiye su sai ranar yaye, a ba wanda ya riga ya iya. Shi ba zai sayar ba.

Na uku, takarda. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna, tana da tsarin gwada mai sana'a a kan abin da ya riga ya iya, a ba shi shaidar ƙwarewa mataki-mataki, ko bai taɓa zama a aji ba. Ba labarin wata ƙasa ba ne: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta ƙulla irin wannan alaƙa da masu sana'ar tsohuwar kasuwar Panteka. Me zai hana Kano ta ɗauki nauyin kuɗin gwajin, kwalejojinmu su zama wuraren jarrabawa? Bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna a Kano zai tsaya. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki. Kamfanin da zai ɗauki mai walda ko mai wayarin a irin waɗannan wurare ba ya tambayar wa ya san ka a unguwa, takarda yake tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada a manta da mata, ranka ya daɗe, domin rabin sana'ar Kano a tsakar gida ake yin ta. Mace za ta shafe makonni tana ɗinkin hula ɗaya, idonta yana ƙarewa a kan allura, dillali ya karɓa a yadda ya ga dama don ba ta san farashinta a kasuwa ba. 'Yarta kuma tana yawon talla don a tara na kayan ɗaki. Matan aure sun riga sun saba fita Islamiyya da yardar mazajensu. A nemi haɗin kan waɗannan makarantu, a ƙara awa ɗaya ta karatu da lissafin ciniki, mace ta koyar da mata. Uwar da ta iya rubuta bashin da take bi ba ta cika yarda a cire 'yarta daga makaranta ba.

Almajirai kuma ta ƙofar alaramma ake shiga, ba ta taga ba. Yawancin shirye-shiryen da suka rushe, an tsara su ne a ofis aka kawo wa malaman a matsayin umarni. Tsangaya tana hutun Alhamis da Juma'a tun kaka da kakanni. A roƙi alarammomi waɗannan ranaku don manyan almajirai su je koyon sana'a da lissafi, karatun Alƙur'ani bai taɓu ba. Tun 2023 akwai hukumar tarayya ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Kano ce ta fi cancanta ta kai mata tsari a hannu ta ce a zo a yi tare.

Akwai abin da ba ya cikin kasafin kuɗi, ina kuma gaya wa ɗalibaina shi kullum. Gwamnati ba ta iya dasa wa mutum zuciya. Telan da ya karɓi ɗinkin mutum arba'in alhali ya san na ashirin zai iya, ya kashe waya daren Sallah, ba rashin satifiket ne ya kashe masa kasuwa ba. Haka kaniken da zai cire sabon kaya ya mayar da tsoho. Cika alkawari da riƙon amana da haƙurin koyo su ne jarin da ba a ranta. Amma na lura da wani abu a zauren nan: ranar da saurayi ya fara rubuta sunansa da hannunsa, tafiyarsa ma canzawa take yi. Wanda ya ga gobensa a gabansa ba ya saurin miƙa hannu a ba shi ƙwaya, ba ya kuma bin dare da wuƙa don wayar wani. A nan kana da abin da za ka bayar wanda ya fi kuɗi. Mun ga yadda aka karrama ɗaliban da jiha ta tura ƙarin karatu Indiya, kuma sun cancanta. Ranar da za a yaye kanikawa da teloli da masu walda, ka je da kanka, ka miƙa musu takarda a gaban iyayensu. Yaran unguwa suna kallo, kuma abin da suka ga manya sun girmama shi suke sha'awar zama.

Shi yaron nan da na ba ka labarinsa, wata takwas ke nan yana zuwa. Yanzu yana karanta na'urar, a hankali, yana bin rubutun da yatsa. Kwanan baya ya rubuta rasit ɗinsa na farko, ya kawo mini in duba. Kuskure ɗaya na samu. Wani wuri da ake gyaran manyan motoci sun gwada shi, sun yaba, sannan suka ce ya kawo takardar shaida. Ya dawo ya tambaye ni inda ake samun ta. Abin da ke hannuna na ba shi, wannan kuwa ba ta hannuna. Na ce masa zan tambayi wanda take hannunsa.

Takardar buhun simintin tana nan a cikin littafina. In Allah ya sa wata rana ka ratsa Ƙofar Ruwa ba tare da jiniya ba, ka tsaya a kowane gareji, ka ce a kira maka yaron da ya fi kowa kunne, ka miƙa masa biro. Gani ya kori ji.

Allah ya yi maka jagora, ya ba jiharmu lafiya da zama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Birnin Kano.